Kuɗin Tunawa na Fotugal da Tarihin Tafiye-tafiyen Teku

Tsabar kuɗi tana daga cikin shaidun da masana tarihi suke dogara da su ƙwarai, domin ƙarfe yana daɗewa fiye da takarda, kuma galibi akan buga masa shekara da sunan mai mulki. Amma akwai wani irin kuɗi wanda shaidarsa take bukatar taka-tsantsan, watau kuɗin tunawa, wanda hukuma takan buga musamman don bikin cikar wani al'amari shekara ɗari ko ɗari biyar. Irin wannan kuɗi yana ɗauke da shekaru biyu, shekarar da abin ya faru da kuma shekarar da aka tuna da shi. Mai kallo yakan kafa ido a kan ta farko, alhali kuwa ta biyun ce tsabar take iya ba da tabbataccen labarinta. Babu ƙasar da wannan ya fi fitowa fili a tarihinta kamar Fotugal, wadda ta shafe fiye da shekara ɗari tana buga hotunan jiragen ruwa da matuƙa da taswirori a kan kuɗinta. In an bi waɗannan tsabobi ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa an fi buga su ne a lokutan da daular ƙasar take cikin haɗari, ko kuwa bayan ta riga ta kuɓuce.

Zinariya da taswira

Kafin a zo ga kuɗin tunawa, ya kamata a san cewa neman kuɗi na ainihi yana cikin manyan dalilan da suka fitar da mutanen Fotugal teku. A ƙarshen ƙarni na 14 ƙasar ta yi fama da ƙarancin zinariya, har ta kai daga wajen 1383 zuwa wajen 1435 ba a buga tsabar zinariya ba a ƙasar. Zinariyar da Turai take samu a wancan zamani mafi yawanta daga Afirka ta Yamma take fitowa, ta ratsa Sahara a kan raƙuma zuwa biranen Magrib, sa'an nan fataken Italiya da na Kataloniya su saye ta. Turawa sun san da haka sarai. A cikin taswirar nan ta Kataloniya ta shekarar 1375, wadda ake danganawa ga Abraham Cresques, wani Bayahude mazaunin tsibirin Majorka, an zana Mansa Musa na Mali zaune a kan karaga, riƙe da dunƙulen zinariya, ga kuma wani mai rawani a kan raƙumi yana dosarsa. Labarin hajjinsa na 1324 ne ya kai sunansa can. Wannan taswira tana nan ajiye a babban ɗakin karatu na Faris.

A shekarar 1415 Fotugal ta ci birnin Sabta da ke gaɓar Maroko da yaƙi, kuma Yarima Henri, ɗan Sarki João na Ɗaya, yana cikin mayaƙan. Sai dai cin birnin bai kawo zinariyar ba, don ayari ya sake hanya zuwa wasu kasuwanni. Abin da ya rage shi ne a kewaye Sahara ta teku, a je inda zinariyar take. A 1434 Gil Eanes ya wuce tsinin Bojador, wanda matuƙa suka daɗe suna tsoronsa. Tsoron yana da dalili. Iska da igiyar ruwa a wannan gaɓa kudu suke turawa, saboda haka tafiya ba ta da wuya, komowa ce abin fargaba. Maganin da aka samu shi ne jirgi ya rabu da gaɓa a hanyar dawowa, ya nausa tsakiyar Tekun Atlantika wajen arewa maso yamma, har ya riski iskar da take kaɗawa gabas, ta kai shi gida. Wannan dabara ta yin nisa da gida don a isa gida ita ce ginshiƙin dukan abin da ya biyo baya, kuma ita ce ta tilasta wa matuƙa koyon sanin inda suke a wurin da ba a ganin ƙasa.

Zinariyar kuwa ta samu. A 1457 Sarki Afonso na Biyar ya buga tsabar kuruzado, mai nauyin giram uku da rabi na zinariya kusan tsantsa, wadda ta sami karɓuwa a kasuwannin Turai. A 1471 jiragen wani ɗan kasuwa mai suna Fernão Gomes suka isa Shama, a gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau, suka tarar da cinikin zinariya a hannun mutanen Akan. A 1482 aka gina ganuwar São Jorge da Mina, watau Elmina. Bayan haka Sarki Manuel ya buga wata babbar tsaba mai darajar kuruzado goma, nauyinta ya kai wajen giram 35. Ingila ma da ta shiga wannan ciniki daga baya ta buga tsabar da ta sa wa suna gini a 1663, da sunan gaɓar da zinariyar ta fito.

Tsabar 1898

Kuɗin tunawa na farko da ya dace a duba shi ne na 1898, lokacin bikin cikar shekara 400 da isar Vasco da Gama ƙasar Indiya. An buga tsabobin azurfa uku, na reis 200 da 500 da 1000, da hoton Sarki Carlos da Sarauniya Amélia a fuska ɗaya, da gicciye a ɗaya fuskar. Wanda ya dubi tsabar kawai zai ɗauka ƙasa ce mai ji da ƙarfinta ta buga ta. Amma shekara takwas kafin nan Fotugal ta sha wulaƙancin da ba ta manta ba, kuma taswira ce sanadinsa. Gwamnatin ƙasar ta fitar da wata taswira da aka shafa wa launin ruwan hoda tun daga Angola har Mozambik, tana nufin dukan ƙasar da ke tsakani tata ce. Ingila kuwa tana da nata buri a wurin. A watan Janairu na 1890 ta aika wa Lisbon da wa'adi cewa ta janye sojojinta daga yankin da ya zama Zimbabwe da Malawi a yau, kuma Fotugal ta janye ba tare da harbi ko ɗaya ba. A 1892 baitulmalin ƙasar ya kasa biyan bashin da ake bin sa a waje. Cikin wannan hali ne aka yi bikin Vasco da Gama. Hujjar Fotugal a gaban sauran Turawa ita ce ita ta fara zuwa, su kuwa tun bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885 suka daina sauraron wannan hujja, sai wanda ya kafa mulki a ƙasa da gaske. Tsabar 1898 maimaita tsohuwar hujjar ce a kan azurfa. Shekara goma bayan buga ta aka harbe Sarki Carlos a Lisbon, a 1910 kuma sarautar kanta ta faɗi.

Jamhuriyar da ta gaje ta ba ta yar da wannan gado ba. Ta sa hoton wani kayan awon falaki, mai zobba da ke kwatanta kewayen samaniya, a tsakiyar sabuwar tutar ƙasa, ta kuma kawo sabon kuɗi mai suna eskudo a 1911. Daga 1932 jirgin ruwa mai filafilai ya hau tsabar da ake cefane da ita kullum, ya kuma zauna a kanta fiye da shekara hamsin.

Yarima Henri a shekarar 1960

Shekarar 1960 sananniya ce ga kowane ɗalibin tarihin Afirka. A cikinta ƙasashe 17 na nahiyar suka sami mulkin kai, Nijar a ranar 3 ga Agusta, Nijeriya a ranar 1 ga Oktoba. A wannan shekara ce gwamnatin António Salazar ta yi gagarumin bikin cikar shekara 500 da rasuwar Yarima Henri. An buɗe wani katafaren gini a bakin kogin Tagus a unguwar Belém, mai siffar goshin jirgi, Yarima a gaba, matuƙa da masu zanen taswira da limaman kirista a bayansa. A dandalin da ke gaban ginin an shimfiɗa zanen kamfas da taswirar duniya da duwatsu masu launi, kyauta daga gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Sa'an nan aka buga tsabobin azurfa na eskudo 5 da 10 da 20, da hoton Yarima sanye da ƙatuwar hula.

Manufar ba ɓoyayyiya ba ce. Tun 1951 gwamnatin Salazar ta daina kiran Angola da Mozambik da Gini ƙasashen mulkin mallaka, ta ce lardunan Fotugal ne na ƙetaren teku, don haka Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da ikon tambayar yadda ake mulkinsu. Wannan da'awa tana bukatar tarihin da zai tallafe ta, watau tarihin da zai nuna cewa Fotugal ta fita teku ne don ilmi da addini, ba don ganima ba. Yarima Henri na kan tsabar shi ne wannan tarihi: mutum mai zuhudu, wanda ya keɓe kansa a tsinin Sagres, ya tara masana falaki da masu taswira, ya kafa makarantar koyon tuƙin jirgi.

Binciken masana bai bar wannan hoto yadda yake ba. Babu wata takarda ta zamanin Yarima da ta ambaci makaranta a Sagres, marubutan baya ne suka gina labarinta. Laƙabin Matuƙi da aka san shi da shi a ƙarni na 19 aka laƙaba masa, kuma wani Bature ɗan Ingila, Richard Henry Major, ya yaɗa shi da littafinsa na 1868. Shi kansa Yarima bai taɓa shiga tafiyar binciken gaɓar Afirka ba, iyakacinsa ƙetarawa zuwa Maroko don yaƙi. Hatta fuskar da ke kan tsabar akwai gardama a kanta, domin wasu masana suna ganin mai ƙatuwar hular nan wansa ne, Sarki Duarte. Wannan ba ya nufin Yarima ba shi da muhimmanci. Shi ya riƙa ba da kuɗi da izini shekara da shekaru, lokacin da tafiye-tafiyen ba su kawo ribar komai ba, kuma in ba don nacinsa ba da wataƙila an daina tun kafin Bojador. Amma Henri na cikin takardu, kamar yadda Peter Russell ya fito da shi a littafinsa na shekarar 2000, basarake ne mai son yaƙi da Musulmin Maroko, mai kuma lura da rabonsa na kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da jirage suka kawo.

Abin da jiragen suka kawo har da mutane. Marubucin fada, Gomes Eanes de Zurara, wanda aikinsa yabon Yarima ne, shi ya bar labarin abin da ya faru a garin Lagos na kudancin Fotugal a watan Agusta na 1444. An sauke kamammu 235 daga gaɓar Sahara, aka kai su wani fili a bayan gari, aka kasa su kashi biyar. Zurara ya bayyana yadda aka raba uwa da ɗa, miji da mata, yadda iyaye mata suka riƙa rungume 'ya'yansu suna kwanciya a kansu ana dukansu. Yarima yana wurin a kan doki, ya karɓi nasa rabo, mutum 46. A 1452 da 1455 Paparoma Nicholas na Biyar ya ba sarkin Fotugal takardun da suka halatta masa bautar da waɗanda ba kirista ba a waɗannan ƙasashe. Daga wannan ƙaramin fili cinikin ya faɗaɗa, har aka ɗebi mutane wajen miliyan goma sha biyu da rabi daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika, kusan rabinsu a jiragen Fotugal da Brazil.

Tsabar 1960 ba ta tsare komai ba. A farkon 1961 yaƙi ya ɓarke a Angola. A watan Agusta Dahomey ta karɓe 'yar ganuwar da Fotugal take riƙe da ita a Ouidah, a Disamba kuma Indiya ta ƙwace Goa. Duk da haka aka ci gaba da bugawa ana tsakiyar yaƙi: eskudo 50 na Pedro Álvares Cabral a 1968, da na Vasco da Gama a 1969. Ranar 25 ga Afrilu 1974 hafsoshin da suka gaji da yaƙin Afirka suka kifar da gwamnati, kafin ƙarshen 1975 kuwa daular Afirka ta ƙare.

Jerin 1987 zuwa 2000

Abin mamaki shi ne mafi yawan kuɗin tunawa bayan rushewar daular aka buga su. A 1986 Fotugal ta shiga Tarayyar Tattalin Arzikin Turai, a wannan shekara kuma aka kafa hukumar ƙasa ta bukukuwan tunawa da tafiye-tafiyen teku. Daga 1987 zuwa 2000 gidan buga kuɗi na Lisbon ya fitar da jeri 11, kowane jeri tsaba huɗu, na farko-farko masu darajar eskudo 100, na baya eskudo 200. Akan buga su da gaurayen jan ƙarfe da nikel don jama'a, a kuma buga kaɗan da azurfa da zinariya da wasu ƙarafa masu tsada don masu tara tsabobi. An bi tarihin daki-daki: gaɓar Afirka, tsibiran Atlantika, Amurka, Japan, yarjejeniyar Tordesillas, tsibiran kayan yaji, Sin, Indiya, Brazil, har zuwa Magellan.

Muryar wannan jeri ta bambanta da ta 1960. Ƙasar da ta zama ƙarama a gefen Turai tana son ta nuna wa sababbin abokanta abin da ta ba duniya, don haka aka rage maganar cin ƙasa da yaɗa addini, aka ƙara maganar ilmi da haɗuwar al'ummomi. Jerin 1993, alal misali, ya tuna da isar mutanen Fotugal tsibirin Tanegashima na Japan a 1543, kuma an keɓe tsaba guda ga bindigar da suka shigar ƙasar.

Jerin farko shi ya fi shafar Afirka: Gil Eanes, Nuno Tristão, Diogo Cão, wanda ya isa bakin kogin Kongo, da Bartolomeu Dias, wanda ya kewaye kudancin nahiyar a 1488. Labarin Nuno Tristão ya isa a tsaya a kansa. Yana cikin waɗanda suka fara kamo mutane a gaɓar Sahara a 1441. A 1446 ya shiga bakin wani kogi a yankin Gambiya da ƙananan jirage, da niyyar kai hari. Mutanen wurin suka fito da kwale-kwale suka yi musu ruwan kibau masu dafi, ya mutu tare da mafi yawan mutanensa, 'yan samari kaɗan ne suka komar da jirgin gida. Irin wannan asara ce ta koya wa Fotugal cewa kudu da kogin Senegal hari ba zai yi ba, sai dai ciniki da yardar sarakunan ƙasa. Watau masu kwale-kwalen nan sun sauya siyasar wata daular Turai, amma sunan wanda suka kashe ne a kan tsabar. A Gini Bisau, bayan mulkin kai, an sauke mutum-mutumin Nuno Tristão daga inda yake a babban birni, aka kai shi tsohuwar ganuwar Cacheu aka ajiye.

Tushen ilmin

A jeri na biyu akwai tsabar 1990 wadda aka keɓe ga tuƙi da taurari, kuma ita ce ta fi kowace cancanta, don a nan ne Fotugal ta yi abin da ba a riga ta ba. Matuƙan Bahar Rum tun ƙarni na 13 suna da allurar maganaɗisu, suna kuma da taswirorin fata masu layuka da ke nuna alƙibla daga wannan tasha zuwa waccan. Wannan ya wadatar a ƙaramin teku inda ba a daɗe ba a ga ƙasa ba. A Atlantika kuwa tilas matuƙi ya san iyakar nisan da ya yi kudu ko arewa. Da farko an riƙa auna tsayin tauraron arewa daga inda sama ta haɗu da ruwa: in jirgi ya yi kudu, tauraron yakan yi ƙasa. Wani ɗan Venis, Alvise Cadamosto, ya lura a bakin kogin Gambiya a 1455 cewa tauraron ya kusa taɓa ruwa. Da jirage suka kai layin da ya raba duniya biyu sai ya ɓace ɗungum. Daga nan aka koma ga rana: a auna tsayinta da tsakar rana da usɗurlabi na tagulla, sa'an nan a duba jadawalin da ke nuna yadda take karkata a kowace rana ta shekara, a yi ɗan lissafi, a sami amsa. Mayar da ilmin masana falaki ya zama ƙa'ida mai sauƙi wadda matuƙi marar zurfin karatu zai iya bi a kan jirgi mai tangaɗi, wannan aikin Lisbon ne na zamanin Sarki João na Biyu.

Amma tubalan ginin daga wurare da dama suka zo. Usɗurlabi Girkawa suka fara shi, malaman Musulmi suka kyautata shi, ta Andalus ya shiga Turai. Jadawalin rana kuwa daga aikin Abraham Zacuto aka samo shi, wani Bayahude ɗan Salamanka, wanda ya gudo Fotugal bayan korar Yahudawa daga Sifen a 1492. An buga littafinsa a garin Leiria a 1496. A ƙarshen wannan shekara Sarki Manuel ya ba da umurnin korar Yahudawa da Musulmi, a 1497 aka tilasta wa Yahudawan shiga kiristanci, Zacuto ya sake gudu zuwa Tunis, a daidai shekarar da Vasco da Gama ya tashi daga Lisbon da ilmin da ya bari. Da Gama ya isa Malindi a gaɓar Kenya ta yau a 1498, matuƙin wurin ne ya ƙetarar da shi zuwa Kalikut, domin mutanen Tekun Indiya sun shafe ƙarnoni suna tafiya da iskar damina da awon taurari. An daɗe ana cewa wannan matuƙi shi ne mashahurin Balarabe Ahmad ibn Majid, amma masana na baya sun yi watsi da wannan zance.

Batun taswira ma yana da nasa abin dariya. Sarakunan Fotugal sun ɗauki taswirar hanyoyin teku a matsayin asirin gwamnati. Akwai babbar taswira a ma'ajiyar sarki a Lisbon wadda ake gyarawa duk sa'ad da jirgi ya dawo. Ita da mafi yawan takardun ma'ajiyar sun salwanta, musamman a girgizar ƙasa da gobarar 1755. Wadda ta tsira, wadda kuma ake alfahari da ita a yau, ita ce wadda aka sace. A 1502 wani wakilin basaraken Ferrara, Alberto Cantino, ya biya wani mai zane a ɓoye dukat 12 na zinariya ya kwafe masa ita, ya fitar da ita zuwa Italiya. Tana nan a ɗakin karatu na Modena. A cikinta gaɓar Afirka ta fito da siffar da ba ta da nisa da ta taswirar yau, ga ganuwar Elmina an zana ta ƙatuwa, ga kuma layin Tordesillas na 1494, wanda ya raba duniya tsakanin Fotugal da Sifen daga wani wuri yamma da tsibiran Cape Verde. Cikin nahiyar kuwa kusan fili ne, an cike shi da tutoci da tsuntsaye. A lokacin nan Kano da Katsina da Gao da Tambutu manyan birane ne, kuma al-Idrisi ya riga ya ambaci Gao da Kanem tun 1154 a littafin da ya yi wa Sarki Roger na Sisili. Taswirar matuƙi gaɓa kawai ta sani.

Wani lokaci tsabar takan faɗi abin da tarihi bai tabbatar ba. A jerin 1995 akwai wadda aka keɓe ga Ostireliya, bisa ra'ayin cewa jiragen Fotugal sun isa can a farkon shekarun 1520. Hujjar masu wannan ra'ayi wasu taswirori ne da aka zana a garin Dieppe na Faransa a tsakiyar ƙarni na 16, masu nuna wata babbar ƙasa kudu da Jawa. Mafi yawan masana ba su gamsu ba, kuma isar Turawa ta farko da aka tabbatar ita ce ta Willem Janszoon ɗan Holan a 1606. A littafi ana iya cewa wataƙila, amma a fuskar tsaba babu wurin wannan kalma. Haka kuma cikin tsabobi 44 na jerin, babu ko ɗaya da aka keɓe ga cinikin bayi.

Wuri da kuɗi

Hanyar da waɗannan jirage suka buɗe ta taɓa ƙasar Hausa ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, shi kuwa wuri daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya yake fitowa. Kafin zuwan Turawa kaɗan daga cikinsa yakan ratso Sahara, Ibn Battuta ma ya gan shi ana ciniki da shi a Mali da Gao a ƙarni na 14. Amma bayan an buɗe hanyar kewaye Afirka, sai Turawan Fotugal, daga baya na Holan da Ingila, suka riƙa lodinsa a gindin jirage suna kai shi Turai, daga can su kawo shi gaɓar Gini su sayi bayi da shi. Daga gaɓa ya yi ta haurowa arewa ta hannun fatake. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ya zauna shi ne kuɗin kasuwa da na haraji har zuwa farkon ƙarni na 20, sa'ad da Turawan Ingila suka kawo anini da kwabo masu huji.

Eskudo ya daina aiki a farkon 2002, kuɗin yuro ya maye gurbinsa. Takardun eskudo na ƙarshe ma hotunan wannan zamani suke ɗauke da su: Cabral a kan 1000, Dias a kan 2000, Gama a kan 5000, Yarima Henri a kan 10,000. Al'adar ba ta mutu da shi ba, don a 2019 an buga tsabar yuro 2 ta tunawa da cikar shekara 500 da tashin Magellan. Sai dai yanzu akwai masu ja da ita a cikin gida. A 2017 mazauna Lisbon suka jefa ƙuri'ar amincewa da gina abin tunawa da waɗanda aka bautar, bisa shawarar wata ƙungiyar 'yan asalin Afirka, a 2018 kuma masana da dama suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da sa wa wani sabon gidan tarihi sunan gano ƙasashe.

A gefe guda kuma teku yana mayar da ainihin kayan. Kusa da tsibirin al-Hallaniyah na ƙasar Oman an tono ɓaraguzan wani jirgi da ake kyautata zaton shi ne Esmeralda, na ayarin Vasco da Gama na biyu, wanda guguwa ta farfasa a 1503. Kwamandansa, Vicente Sodré, ya bar aikin tsaron da aka ba shi a gaɓar Indiya, ya tafi farautar jiragen fataken Musulmi. A cikin abin da aka tsamo akwai tsabobin kuruzado na zinariya, da wata tsabar azurfa da Sarki Manuel ya sa aka buga a 1499 musamman don cinikin Indiya, da duwatsun harsashin igwa masu yawa. A 2014 kuma aka fito da wani faifan tagulla mai tambarin sarautar Fotugal, wanda bincike ya nuna usɗurlabin matuƙa ne, mafi tsufa daga cikin waɗanda aka sani.